Daga Singafo zuwa New York ba tare da yada zango ba

Jirgin kamfanin Singapore Airlines mai lamba SQ24 yana tashi daga filin Changi na Singafo, ba ya sake taɓa ƙasa sai a filin JFK na New York, tazarar da ta kai kusan kilomita 15,350, wadda takan ci sa'o'i 18 da 'yan kai. An buɗe wannan hanya a watan Nuwamba na 2020, kuma samfurin da ya yi suna a kanta shi ne Airbus A350-900ULR, mai ɗaukar lita 165,000 ta mai.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne taswirar da ke allon gaban kujera. Wanda ya auna tazarar biranen biyu zai ɗauka jirgin zai miƙe arewa ne ta kan ƙanƙarar ƙuryar arewacin duniya, tunda nan ce gajeriyar hanya a bisa ƙwallon duniya, amma sai na ga ɗan hoton jirgin ya karkata gabas, ya nufi wajen Japan, ya faɗa sararin tekun Fasifik. Dalilin haka iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, wadda matuƙa ke bi domin ta tura su. Shi ya sa ma jirgin dawowa yakan sake fuskantar gabas, ya ƙetare tekun Atlantika da Turai, don kuwa ƙarin kilomita da iska a baya ya fi gajeriyar hanya da iska a gaba.

Kujeru 161 kacal aka shirya wa wannan samfuri a 2018: 67 a ajin 'yan kasuwa, inda kujera ke zama gado, da 94 a aji na tsakiya. Babu ajin gama-gari, saboda haka mai neman araha ba nan zai duba ba. A aji na tsakiya na zauna, kuma shawarata ga mai tafiya shi kaɗai ita ce ya kama ɗaya daga cikin kujerun can baya da ba su da maƙwabci. Abinci ya wadatar, ma'aikata ba su gaza da zagayawa da ruwa ba, sai dai bayan sa'a 14 zama ya gundure ni, takalmin da na cire ma da ƙyar ya koma ƙafata.

Kamfanin yana da wani jirgin da ke biyawa ta Frankfurt a Jamus, wanda ya fi dacewa da tsofaffi da masu ƙananan yara, domin za su sami damar miƙe ƙafa. Wanda aiki ke jira kuwa, na kai-tsaye ya fi masa, muddin ya ware yini guda na hutu, saboda agogon New York yana bayan na Singafo da sa'o'i 12, ko 13 a lokacin hunturu.