Kafin ka sayi maganin zazzabin cizon sauro a daminar nan

Da damina ta kankama, kuɗin cefane sai su koma kemis. Yau wannan yaro ya kwanta, gobe wancan, idan maigida ya kwanta kuma nema ya tsaya cak. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 1 cikin 4 na masu kamuwa da cutar nan a duniya a Najeriya suke.

Ni dai zaɓina asibitin sha-ka-tafi na unguwa, saboda gwaji. A soki yatsa, a ɗiga jini, cikin minti 20 ka san ko maleriya ce ko ba ita ba, don ba kowane zafin jiki ne cizon sauro ba. Idan ta tabbata, maganin da hukuma ta amince da shi shi ne ACT, irin su Coartem: sau 6 cikin kwana 3, bayan abinci mai maiƙo ko madara, kuma a shanye shi ko da jiki ya yi sauƙi. Ka tambaya ko akwai na kyauta. Mai juna biyu da ke zuwa awo tana da haƙƙin gidan sauro da maganin kariya, yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kuma ana bin su gida-gida da maganin rigakafi duk wata a lokacin damina, ba a biyan ko sisi. Layi na da tsawo, gaskiya ne, wani lokaci ma a ce magani ya ƙare. Ko da haka ka fito da sunan abin da za ka saya a rubuce.

Kulorokwin an daina dogaro da shi tun 2005. Allura ta wanda cuta ta yi wa tsanani ce, a asibiti. Jiƙon darbejiya ba shi da ma'auni.

Inda na ƙone shi ne jabu. Na taɓa saya wa 'yata magani a wani shago saboda araha, kwalin tsaf kamar na gaske. Ta shanye, zazzaɓi bai sauka ba, rana ta huɗu muna asibiti ana neman jinin da za a ƙara mata. Abin da muka kashe ya ninka kuɗin maganin kirki sau da yawa, ban da tashin hankalin mahaifiyarta.

Tun daga nan ba na karɓar kwali sai na ga lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Akwai wurin da ake kankarewa a jikin kwalin, ka tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya, amsar ko na gaske ne ta zo kana tsaye a gaban kanta; mai shagon da ya ɓata rai don ka kankare, ajiye masa kayansa. Kada ka yarda a ɓallo maka ƙwayoyi a ƙulla a leda. Masu talla a faranti da cikin motar haya, maganin da ya wuni a rana ko na gaske ne yana iya lalacewa, balle ba ka da inda za ka same su gobe.