Takalmin aikina a lakwal ɗin Japan, ɗinkin wani baduku a Tawa

Tun da na iso gida hutu mutum uku suka tambaye ni ko da gaske ne daga Tawa nake sayen takalmin da nake aiki da shi a Japan. Da gaske ne. Wani dattijo baduku ke ɗinka mini, a wata rumfa da ke bayan babbar kasuwa, cikin layin masu balka, wato takalman fata na gargajiya. Shekara biyu ke nan ina taka aikin hannunsa, kuma ina ganin ya isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

Ina koyar da Ingilishi a jihar Gunma, arewa maso yamma da Tokyo. Irin aikinmu ana ce masa ALT, wato baƙon malami da ke shiga aji tare da malamin ɗan ƙasa, shi ya riƙe nahawu da jarrabawa, kai ka riƙe furuci da hira. Tun 1987 gwamnatinsu ke kawo irinmu ta shirin JET, amma da yawa kamfanoni ne ke ɗaukar mu su rarraba wa lakwal-lakwal, ni ma ta nan na shiga. Karatun da na yi da Ingilishi a Sakkwato tun daga firamare shi ya buɗe mini ƙofa, don bizar malami tana neman shekara 12 na karatu da harshen da za ka koyar. Lakwal uku gare ni: kwaleji ɗaya kwana uku a sati, firamare biyu kwana ɗai-ɗai. Tun da aka mai da Ingilishi cikakken darasi ga ƴan aji 5 da 6 a 2020, firamare ta fi cin ƙafa, don a can ba a zama. Minti 45 kana tsaye, kana waƙa, kana zagaya tebur-tebur.

A kowace lakwal, da ka shigo zauren da suke kira genkan sai ka tuɓe takalmin waje ka sa a ɗan akwatinka, ka ɗauko na ciki, wanda suke ce wa uwabaki. Darakta ma haka yake yi. Dalilin a fili yake, tun da yaran ne da kansu ke shara da goge daɓe kowace rana, suna durƙushe da tsumma a hannu. Wanda ya shigo da ƙurar titi, gumin yaran nan ya taka.

Matsalata ita ce ƙafa. Lamba 46 nake sawa, santimita 30 a awonsu, kantunan garin da nake kuwa yawanci a 27 ko 28 suke tsayawa. Satin farko da silifan baƙi na yi aiki, irin koren nan na roba, rabin dunduniyata a ƙasa. Daga baya na sayo wani ta intanet, ya yi mini daidai, sai wani ɗan'uwa ɗan Indonesiya da muke haɗuwa a masallaci ya leƙa cikinsa ya nuna mini ƙananan ramuka uku-uku a jikin fatar shafin. Alamar fatar alade ke nan, kuma ana yawan shafe cikin takalmi da ita a can. Ga wanda zai yi alwala a famfon lakwal ya mai da ƙafa ciki, hankali ba ya kwanciya. Shi ya sa da na zo hutun bara waccan na bi ƙanen mahaifiyata zuwa rumfar dattijon nan.

Rumfar ƙarama ce, mutum uku sun cika ta. Balka na rataye jere a igiya, ja da baƙi da kore, warin jima da na kol sun gauraya. Na tarar da shi zaune a buzu, almajiransa biyu na yankan tafi. Da na gama bayani bai ce uffan ba, sai ya jawo kwalin sukari ya shimfiɗa.

"Mushe, tashi tsaye. Ba a auna ƙafa a zaune."

Ya zana ƙafar dama da bik, ya zana ta hagu daban, ya ɗaura zare a gadon kowace ya ƙulla. Ya ce ta hagu ta ɗara faɗi kaɗan, abin da ban taɓa lura da shi ba. Sannan ya tambaye ni a kan me zan riƙa takawa, siminti ko yashi. Na ce katako da leda mai santsi. Ya tambaya awa nawa nake tsaye. Babu mai kantin da ya taɓa yi mini waɗannan tambayoyi, a nan ko a can, kuma su ne suka sa na amince da shi tun kafin ya taɓa basilla. Ya fito da fatar akuya ja, jimar bagaruwa, ya ce ta jar akuyar Maradi ce, ya murza ta a hannu ya miƙo mini. Laushinta kamar na tsohon zane.

Na ce ya yi mini mai rufaffen gaba, baya a buɗe, don sauƙin tuɓewa. Ya ɗan yi jim ya ce, "In ka ce haka, haka za a yi." Jika 7 na sefa na biya.

Wannan na farko, ta fuskar daɗin ƙafa ba ni da abin cewa sai godiya. Ranar farko bai cije ni ba, bai yi mini kanta ba, kuma ciwon tafin ƙafa da nake kwana da shi ya ragu cikin sati biyu. Amma ya zo da aibu uku, biyu nasa ɗaya nawa.

Na farko, rini. Jan da ke cikin takalmin ya riƙa zuba in ƙafa ta yi gumi, Satumba kuwa a Gunma zafi ne mai ɗanɗano. A ƙasar da ake tuɓe takalmi sau da yawa a rana, safarka kowa na ganin ta. Ranar da muka shiga ɗakin tabarma don wani taro, farar safata ta fito ja kamar an sa mata lalle, wata malama har ta tambaye ni ko na ji ciwo. Na biyu, tafin baƙar roba ya sa, irin wadda ake yi wa takalmin kasuwa. A daɓen lakwal tana barin baƙin zane duk inda na juya. Na gane haka ne lokacin soji, wato minti 15 ɗin shara, da na ga wata yarinya ƴar aji 3 ta duƙufa tana dirzar wani zane a ƙofar aji, ta dirza ta dirza, ba ta ce komai ba. Sawuna ne. Na karɓi tsumman na goge da kaina, amma abin ya tsaya mini a rai har dare.

Na uku shi ne buɗaɗɗen bayan da na nema da bakina. Ranar 1 ga Satumba ce ranar shirin ko-ta-kwana a Japan, don tunawa da girgizar ƙasar 1923 da ta rusa Tokyo da Yokohama, kuma a wannan tsakanin lakwal da yawa ke yin atisaye. Ana sanarwa yara su shige ƙarƙashin tebur, sannan a fita fili a layi da takalmin ciki, ba a tsayawa sauyawa. Dokar huɗu ce: ba turawa, ba gudu, ba magana, ba komawa. Ina saukowa daga bene na uku da yara a bayana sai ƙafar hagu ta suɓuce ta gangara matakala. Bayan an tashi mataimakin darakta ya same ni cikin ladabi ya ce takalmi mai baya ya fi, don in girgizar gaske ce za a iya samun fasassun gilashi a ƙasa. Gaskiya ya faɗa.

Sai kuma funfuna, wadda ba laifin kowa ba ce. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli suna da daminarsu da ake kira tsuyu, ruwa ba ƙarfi amma ba ya ƙarewa, iska duk laima. Na bar takalmin a akwatin lakwal ranar Juma'a, Litinin na tarar ya yi fari-fari da kore. Fatar da aka jeme a busasshiyar ƙasa irin tamu, aka shafe ta da mai, ba ta san wannan yanayi ba.

Da na dawo bara na kai wa dattijon takalmin kamar yadda yake, har da safar. A nan ne na san irin mutumin da nake hulɗa da shi. Bai kare kansa ba, bai ce haka fata take ba. Ya juya safar ya duba, ya kira babban almajirinsa ya nuna masa, ya ce, "Ka gani? Wannan kunyarmu ce." Da na ba shi labarin yarinyar da ke goge sawuna, sai ya ajiye basillar.

"Yara ne ke sharar? Har ƴaƴan masu kuɗi?"

Na ce har su, Baba, kuma su ke raba abincin rana da fararen riguna, malami ya zauna ya ci tare da su.

Ya girgiza kai ya ce to lalle ba za a ƙara ba su wahala da takalminsa ba. Ya ce a shafe ciki da fatar da ba a rina ba, tafi kuma a nemo farar roba mai laushi, ko da za a jira ta daga Yamai. Baya ya rufe shi, amma ya yi dabara: ya sa fata mai taushi a dunduniya wadda za a iya takewa a mai da shi silifa lokacin alwala, a ɗaga ta ta koma daidai, da ƴar roba mai miƙewa gefe da gefe. Ƙafa uku na sa ya yi, don kowace lakwal ta samu nata in huta da yawo da takalmi a kwandon keke. Jika 10 kowace. Wanda na saya ta intanet ya fi ninki biyun haka.

Shekara guda cur ke nan ina taka su. Ba zane a daɓe, ba ja a safa, ɗinki bai kwance ko a wuri ɗaya ba, duk da tsalle-tsallen da ƴan aji 3 ke sa ni. Na kwalejin, wanda ya fi shan aiki, tafinsa ya fara cinyewa ta gefen waje, ya ce zai sauya shi a jika 2. Funfuna kuwa na gano maganinta: kada a shafa masa mai ko kaɗan kafin damina, a cusa jarida ciki kowace yamma, a sayi ƴan ƙunshin nan masu shanye laima a kantin yen 100 a jefa cikin akwati. Bana ko ɗigo ban gani ba.

Akwai abin da takalmin nan bai iya ba, shi ne sanyi. Gunma tana da wata busasshiyar iska da ke sauko daga duwatsu lokacin hunturu, karakkaze, tana tuna mini da buji na watan Janairu a Adar, sai dai tata tana yanka har ƙashi. Azuzuwa ana ɗumama su, barandu kuwa ba a yi. Fatar akuya siririya ce, daga Disamba zuwa Fabrairu yatsuna sanƙarewa suke yi sai na haɗa safa biyu, in na haɗa kuma takalmin ya matse. Wanda zai sa a yi masa don ƙasar sanyi, ya je awo da safa mai kauri a ƙafarsa. Warin sabuwar jima ma yana kai wata guda kafin ya lafa. Mu mun saba da shi, amma a ɗakin malamai inda tebur ke manne da tebur sai da na shanya su a baranda kwana goma.

Babban ƙorafina shi ne lokaci. Bara ya ce kwana biyar, sai da aka yi goma sha uku. Na yarda damina ce, kol ba ya bushewa da wuri, robar ma ta makara a hanya, amma ai da ya faɗa mini tun farko. Ni hutuna ƙidayayye ne, daga wajen 20 ga Yuli zuwa ƙarshen Agusta, kuma a can malamin da ya makara minti biyar sai ya bi mutane yana ba da haƙuri. Daren da zan shiga kar ɗin Yamai aka kawo mini su gida, kol ɗin bai gama kamawa ba. Na faɗa masa wannan a fuska, ya karɓa, amma ba zan ce wa kowa ya gyaru ba sai na gani. In kana da jirgi, ka ba da aikinka ranar da ka sauka, ka ninka kwanakin da ya ce, kuma ka biya rabi kawai.

Duk da haka ina tura mutane wurinsa da zuciya ɗaya, musamman masu babbar ƙafa, da ma'aikatan likita, da mushen lakwal na nan gida da ke wuni tsaye gaban allo. Abin da yake da shi wanda ban samu a kanti ba shi ne yana saurare, in ka dawo da kuskure kuma yana gyarawa. Sai dai ka gaya masa komai dalla-dalla, irin daɓen, irin yanayin, awa nawa. Balkarsa ta ado ban taɓa saya ba, don haka ba ni da ta cewa a kanta.

Bana da aiki biyu na zo masa. Ɗaya nawa ne na hunturu, mai shafin ulu da faɗin safa biyu. Ɗayan na malamin kimiyya ne na kwalejinmu, wanda ya shekara yana kallon ƙafata kafin ya yi ƙarfin halin tambaya. Na tsayar da shi a kan kwali a ɗakin malamai na zana masa, dama daban hagu daban, na ƙulla zare a gadon kowace kamar yadda na ga ana yi. Da na shimfiɗa kwalin a rumfa, dattijon ya auna da ɗani ya ce wannan ƙafar mutumin da bai taɓa tafiya a rairayi ba ce. Ya ce in dawo Alhamis. Kar ɗina sai Litinin ta sama.