Growler ko Super Tucano: wanne jirgin yaƙi ya dace da dajin Sububu na Zamfara?

Masu cewa a sayo jirgin EA-18G Growler don Zamfara su dakata. Aikinsa toshe radar (na'urar hango jirage daga nesa) da sadarwar abokan gaba, Amurka da Ostareliya kaɗai ke da shi, kuma ko ƙaramin kayan gyaransa sai Amurka ta yarda. To, wace radar 'yan bindiga ke da ita? Waya ce da babur. Ko a 2021 daga ƙasa, ba da jirgi ba, aka katse layukan waya a jihar.

Super Tucano kuwa, goma sha biyu muka karɓa a 2021, suna sansanin sojin sama na Kainji. Injinsa ɗaya, PT6, wanda makanikan jiragen farar hula suka saba da shi, ga ƙarancin shan mai. Ba ya toshe sadarwa, kuma shi ma kayansa daga waje suke zuwa.