Ƙugiyar makulli da ka ce in aiko maka

Ƙanina, gaisuwa da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonka kan abin da ka hango rataye a ƙuguna cikin hoton nan, har kana cewa in haɗo maka da irinsa. Zan aiko, amma bari ka ji yadda na kai ga wannan ɗin, don sai da na sha wuya tukuna.

Karabina ake ce masa. Kalmar daga Jamusanci ta fito, Karabinerhaken, wato ƙugiyar da sojan doki ke rataye gajeriyar bindigarsa da ita. Masu hawan duwatsu suka ɗauke ta suka inganta, 'yan kasuwa kuma suka kwaikwaya, suka cika ko'ina da masu kama da ita. Kama da wane dai ba ta wane.

Ta farko da na saya irin waɗanda ake zubawa a kwando kusa da wurin biyan kuɗi ce, ja mai ƙyalli, ba nauyi ko kaɗan. A gadon bayanta an rubuta da ƙananan haruffa cewa ba ta hawan dutse ba ce, na ce to ni ina ruwana da dutse. Wata rana cikin sanyi na zauna a jirgin ƙasa, kujera ta danne bakin ƙugiyar, zoben makullan ya zame ban ji ba. Sai a ƙofar gida na shafa ƙugu, na ji ƙugiya na nan daram, makullai babu.

A nan Jamus ɓatan makulli ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Yawancin ƙofofin gida ba su da mariƙin murɗawa ta waje, da ka ja ta rufe, sai da makulli. A manyan gidajen haya kuma sau da yawa makulli guda ne ke buɗe ƙofar shiga ta kowa da kowa da taka, kuma ba a yanka maka wani sai ka nuna katin izini da ke hannun mai gida. Idan makullin ya ɓata, mai gidan yana iya cewa a sauya kwaɗunan duka, kuɗin kuma ya hau kanka. Shi ya sa mutane da yawa ke da inshorar da ta haɗa har da ɓatan makulli. Ni Allah ya rufa min asiri, wani ya tsinta ya miƙa, na karɓo a ofishin ajiye tsintuwa bayan na kwatanta yawansu da kalar zoben.

Ka lura, ƙugiyar ba karyewa ta yi ba. Buɗewa ta yi. Ban gane bambancin ba sai da na shiga kantin kayan hawan duwatsu na ce a ba ni mafi ƙarfi. Matar da ke wurin ta ɗauko guda ta juya min bayanta. Lambobi uku ne a zane, kowace da kN a gefe: ta farko ƙarfinta idan an ja ta a tsaye baki a rufe, ta biyu idan an ja ta a kwance, ta uku idan baki a buɗe yake. kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne. Ƙa'idar Turai ta EN 12275 ta ce irin wadda aka fi amfani da ita kada ta gaza 20 a tsaye, 7 a kwance. Wannan 20 ɗin tan 2 ke nan fa. Kamfanoni irin su Petzl na Faransa, Edelrid na Jamus da Black Diamond na Amurka duk a kan wannan suke ƙera nasu. Sai matar ta yi murmushi ta tambaye ni nauyin makullaina. Abin ya burge ni, don da ta so da ta sayar min da mafi tsada na tafi ina godiya.

Ta ce ga mai makulli, baki ne abin dubawa. Mai bakin waya ba ta da nauyi, wayar ita ce sifirin kanta, amma da an danna ta buɗe, kuma galibi akwai tsaga a hancinta da ke kama zare da zobe. Mai murɗi, wadda ake juya hularta ta kulle, ta fi tsaro, sai dai tana da jinkiri, balle hannu na cikin safar sanyi, kuma gogayya na iya kwance ta a hankali. Akwai kuma mai siffar S ta kamfanin Nite Ize, baki biyu, ɗaya na wando ɗaya na makullai, wasu da ɗan maɓallin kullewa. Wannan ba ta ɗaukar mutum, kada ka kuskura, amma ita ce a ƙuguna.

Ƙarfen ma da magana. Alminiyam ba nauyi, amma zoben makulli ya fi shi tauri, kullum yana cin sa har ya yi masa rami. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi juriya, ko da yake babba tana jan wando ƙasa. Na titaniyam, a ganina, rabin kuɗinsa na ado ne. Kafin ka yarda da kowace, danna bakin ka saki: idan bai koma da ƙara ƙwas ba, ko yana lilo gefe da gefe, ajiye ta. Kuma ka duba zoben, don siriri yana wangalewa ko ƙugiyar ta zinariya ce.

Ta intanet zan yi oda, saboda doka a nan ta ba ni kwana 14 in mayar da kaya ko ba dalili, zan gwada su son raina kafin in zaɓa. Biyu zan saka maka, mai S ta makullai da ƙaramar mai murɗi ta rataye gorar ruwa a jaka. Ka turo min hoton makullanka in ga yawansu, in san girman da zai yi maka.