Riguna biyu, ƙasashe biyu, hoton mace ɗaya

Ƙanena da ke karatu a Ingila na sa ya sayo mini riguna biyu daga wani kamfani mai tallar cewa kayansa na cinikin adalci ne, wato ana biyan manomi da maɗinki haƙƙin guminsu. Kuɗin ya kusa ninka na irinsu sau uku, amma na rufe ido na biya, domin tun ranar 24 ga Afrilu, 2013, da benen Rana Plaza mai hawa takwas, mai ɗauke da masana'antun ɗinki, ya rufta a Savar, kusa da Dhaka babban birnin Bangaladash, ya hallaka mutum fiye da 1,100, galibinsu mata maɗinka, zuciyata ba ta kwanciya da rigar da ta cika araha.

Yadin kam ba shi da makusa. Auduga ce zalla, wata huɗu tana shan wanki da guga, ba ta koɗe ba, wuyan bai saki ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne katin da aka rataya wa kowace riga da zare, ɗauke da hoton wata mata tana murmushi a gaban keken ɗinki, an rubuta cewa hannunta ne ya ɗinka. Har na nuna wa mahaifiyata, wadda ta shekara talatin tana taka keke, ta sa mata albarka. Sai ranar da nake ninke kaya na duba ƙyallen da ke cikin wuya: farar an ɗinka ta a Indiya, shuɗiyar a Bangaladash, alhali matar ɗaya ce, da ɗan tabonta a haɓa.

Na rubuta wa kamfanin, aka amsa mini cikin ladabi cewa hoton misali ne kawai, kuma shaidar cinikin adalci da suke da ita ta manoman auduga ce, ba ta masana'antar ɗinki ba. To, manomi ya samu, madalla, amma ni don maɗinkiya na ƙara kuɗi, a Bangaladash, ƙasar da aka zubar da jini a zanga-zangar 2023 kafin mafi ƙarancin albashin maɗinka ya tashi daga taka (kuɗin ƙasar) 8,000 zuwa 12,500, alhali 23,000 ma'aikata suka nema.

Da na yi niyyar sayo wa maigidana uku kafin Sallah, na fasa. Na sake rubutawa ina tambayar sunan masana'antar da abin da take biya a wata, yau mako uku ke nan shiru. Mahaifiyata kuwa har yanzu ban iya gaya mata ba.