Wolf Man uku a kasuwa: wanne ya cancanci kuɗinka?

Bahaushe ba ya buƙatar Bature ya yi masa bayanin rikiɗa. Tun muna yara muke jin labarin mutumin da ke zama kura idan dare ya raba, maharbi ya same ta a ƙafa, gari na wayewa a ga wani a unguwa yana ɗingishi. Turawa ba su da kura a dazukansu, sai suka ɗora nasu camfin a kan kyarkeci. Kamfanin Universal na Amurka shi ya fi kowa cin abinci da wannan labari, kuma sau uku yana fitar da fim da suna kusan iri ɗaya: The Wolf Man a 1941, The Wolfman a 2010, sai Wolf Man a 2025. Tarkon farko ke nan ga mai saye. Ko faifai za ka yi oda, ko haya za ka yi a intanet, ko wurin masu turawa a waya za ka je, kada ka tsaya ga suna. Ka dubi shekara, ka dubi fuskar da ke jikin kwali.

Na 1941 shi ne uba. Baƙi da fari ne, minti 70 kacal, George Waggner ya ba da umarni, Curt Siodmak ya rubuta. Siodmak Bayahuden Jamus ne da ya gudo daga mulkin Nazi, shi ya sa masu nazarin fim suke ganin ba banza ba ya rubuta labarin mutumin kirki da ƙaddara ta sa wa alama. Larry Talbot, wanda Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayinsa, ya dawo gidan mahaifinsa a yankin Wales bayan rasuwar ɗan'uwansa. Ya sayi wata sanda mai kan azurfa don kawai ya samu hanyar yi wa 'yar mai shago magana. Da wannan sanda ya kashe kyarkecin da ya cije shi, kuma da ita mahaifinsa ya kashe shi a ƙarshe, bai san ɗansa yake duka ba sai da fuskar ta koma ta mutum a gabansa.

Masoyansa ba sa cewa yana ba da tsoro, don ba ya bayarwa. Dajinsa ɗakin shirya fim ne da aka cika da hazo, dodonsa kuma shaƙe mutane yake yi kamar ɗan fashi. Su da kansu sukan yi masa dariya: Claude Rains ɗan tsurut ne, Chaney kuwa ƙato, ko kusa ba su yi kama da uba da ɗa ba, Bela Lugosi, wanda ya fito a matsayin mai rikiɗar da ya ciji Larry, idan ya rikiɗa dabba yake zama mai ƙafa huɗu, amma Larry a tsaye yake tafiya da rigarsa da wandonsa. Abin da ya riƙe su shi ne tausayi, da tsohuwa Maleva mai maganar hikima, da fuskar da Jack Pierce ya haɗa da gashin yak, wani sa na tsaunukan Asiya. Wani abin mamaki, ba a nuna cikakken wata ko sau ɗaya a cikinsa ba. Wannan dai shi ne kaɗai a cikin ukun da za ka iya kunnawa a falo ba ka riƙe rimot a hannu ba, ko da yake ƙananan yara na iya razana.

Rigimar gaske a kan na 2010 take, kuma shi ne ainihin maimaicin tsohon. Tun kafin ya fito aka san akwai matsala. Mark Romanek, daraktan farko, ya ajiye aikin ana saura 'yan makonni a fara ɗauka, aka kira Joe Johnston ya karɓa a gurguje. An yi ta ɗage fitowarsa daga ƙarshen 2008 har zuwa Fabrairun 2010. Kiɗan Danny Elfman ma sai da aka cire shi, daga baya aka dawo da shi. An kashe wajen dala miliyan 150, abin da ya dawo daga sinimomin duniya bai wuce kusan miliyan 140 ba, wato ko uwar kuɗi ba a mayar ba. Shugaban Universal na lokacin, Ron Meyer, ya fito a 2011 ya lissafa shi cikin mafi munin finafinan da suka taɓa yi. Amma a shekarar ne kuma Rick Baker da Dave Elsey suka ci kyautar Oscar ta kwalliyar fuska saboda shi.

To me masu son sa suke gani? Da farko dai ido yana ƙoshi. An mayar da labarin Ingila ta 1891, ƙauyen Blackmoor, ga katafaren gida da ya fara lalacewa (gidan Chatsworth aka yi amfani da shi), ga fitilun aci-bal-bal, ga daji mai hazo, ga wata na daren sha huɗu tsaye a sama. Benicio del Toro, wanda ya fito a matsayin Lawrence Talbot, kuma tun yana yaro yake son tsohon fim ɗin, yana da irin idon nan na mai ɗauke da damuwa da Chaney yake da shi. Dodon kuma an bar shi da siffarsa ta asali, mai gajeren baki da yagaggiyar riga, sai dai an ƙara masa gudu da mugunta. Kusan kowa ya yarda cewa wurin da ya fi kyau shi ne gidan mahaukata na Landan, inda likita ya ɗaure Lawrence a kujera gaban taron malamai yana yi musu lacca cewa rikiɗa ruɗin ƙwaƙwalwa ne, alhali a bayansa yatsun mutumin sun fara karyewa suna tsawo. Hugo Weaving a matsayin sufeto Aberline shi ma ya samu masoya, musamman inda ya zauna a mashaya ya ƙi fita farauta saboda ya lissafa cewa nan dodon zai biyo.

Masu suka kuma suna da hujja. Wanda ba ya son a fasa masa ƙwai ya tsallake wannan sakin layi. A tsohon fim, uban mutumin kirki ne da ya kashe ɗansa cikin rashin sani, kuma nan ne zafin labarin yake. A na 2010 sai aka mayar da uban, Anthony Hopkins, shi ma dodo ne, wanda ya kwaso cutar a Indiya, shi ya kashe matarsa da ɗaya ɗan nasa, ɗan'uwan Lawrence. Ƙarshen fim ya koma dambe tsakanin kyarkeci biyu cikin gidan da ke cin wuta. Wasu sun ce an ba da tausayi an karɓo kokawa. Ni ma ina ganin an yi asara a nan, duk da cewa Hopkins ya ji daɗin muguntarsa, kuma kallonsa ba ya gundura. Suka ta biyu ita ce rikiɗar kanta: ga Rick Baker a wurin, mutumin da ya yi rikiɗar An American Werewolf in London a 1981 da roba da hannu, amma aka ba kwamfuta aikin. Shi da kansa bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba. Ta uku, soyayyar Lawrence da Gwen, budurwar ɗan'uwansa, wadda Emily Blunt ta fito a matsayinta, ba ta nuna ba aka sauke.

Nan ne maganar saye ta shigo, don fim ɗin kashi biyu ne. Akwai na sinima mai minti 103 ko ƙasa kaɗan, akwai dogo mai minti 119. Ƙarin kusan duk a farko yake: za ka ga Lawrence a dandalin wasan kwaikwayo a Landan, Gwen ta zo da kanta ta roƙe shi ya dawo gida, sannan a jirgin ƙasa wani dattijo, Max von Sydow, ya bar masa sandar azurfa. A gajeren, sandar kawai ganinta za ka yi a hannunsa. Mafi yawan masoya dogon suke zaɓa, domin yana ba ka damar sanin mutumin kafin a cije shi. Marasa haƙuri sukan ce yana jinkirta fitowar dodo. Ni dai dogon nake ba da shawara, kuma idan faifai ne, nemi wanda ya haɗa biyun. Ka karanta mintunan a bayan kwali, amma ka sani DVD na Turai yakan nuna ƙasa da haka da minti huɗu ko biyar saboda tsarin PAL yana ɗan ƙara wa fim sauri. Akwai jini sosai, da cire kai da farke ciki. Ba na yara ba ne.

Na 2025 sunan kawai ya ara. Leigh Whannell, wanda ya yi nasara da The Invisible Man a 2020, shi ya shirya shi tare da kamfanin Blumhouse a kan kimanin dala miliyan 25. Babu Talbot, babu azurfa, babu tsinuwa. Blake, wato Christopher Abbott, ya kwashi matarsa da 'yarsa daga San Francisco zuwa gonar mahaifinsa a dajin Oregon, wani abu ya karce shi a hanya, sauran labarin dare ɗaya ne a cikin gida. An ɗauki rikiɗar a matsayin ciwo: haƙori ya faɗi, gashi ya zube, magana ta ɗauke. Dabararsa mafi kyau ita ce yadda kyamara ke juyawa ta shiga idon Blake, duhu ya koma haske, maganar matarsa ta koma gurnanin da ba ya fahimta. Akwai inda ya ji wani irin bugu kamar ana daka, ya bi sawu, ashe gizo-gizo ne ke tafiya a bango. Duk wanda ya taɓa jinyar wanda ciwo ya ɗauke wa hankali a hankali zai ji wannan a jikinsa.

Sai dai masu son dodo sun fita suna guna-guni. Tun da aka nuna siffar a wani bikin Halowin na Universal a 2024 aka fara yi mata ba'a, kuma fim ɗin bai wanke ta duka ba: mai sanƙo ce, ta fi kama da majinyaci fiye da kyarkeci. Wasu sun ce an yi ta nanata darasin tarbiyyar uba har ya ishe su, kuma ba a ba Julia Garner, wadda ta fito a matsayin matar Blake, abin yi ba. Wani abin kirki shi ne ya sa da yawa suka koma suka sake kallon na 2010, suka ce ashe an zalunce shi. Ra'ayina, wannan na haya ne, ba na ajiya ba. Kuma ka lura, hotonsa duhu ne ƙwarai. Idan ƙaramin kwafi aka tura maka, ka kunna a waya da rana, fuskarka kawai za ka riƙa gani a gilashi. Yana son talabijin, ɗaki a rufe, da lasifika ko abin kunne mai kyau, don rabin tsoronsa a sauti yake.

Ga mai odar faifai daga waje, akwai maganar shiyya. DVD na Amurka shiyya ta 1 ne, na Birtaniya ta 2, Najeriya da Nijar kuma suna ta 5, ko da yake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba sa tambaya. Blu-ray ya fi tsanani: Amurka A ce, Afirka da Turai B, saboda haka na Birtaniya ya fi aminci. Faifan 4K ba shi da wannan shinge, amma sai da na'urarsa ta musamman, kuma banza ne idan talabijin ɗinka ba ta kai ba. Na 1941 ya fito a 4K a 2021 cikin kwali ɗaya da Dracula da Frankenstein da The Invisible Man. Akwai kuma Complete Legacy Collection mai finafinai bakwai, har da Werewolf of London na 1935 da ya riga shi fitowa da Frankenstein Meets the Wolf Man na 1943, wanda farkonsa a maƙabarta ya fi komai na fim ɗin 1941 ban tsoro. Wanda ke son tsofaffi, wannan kwalin ya fi riba a kan sayen ɗaya-ɗaya. Haya a intanet kuwa ta danganta da ƙasar da kake, kuma sau da yawa gajeren na 2010 suke sakawa ba tare da sun faɗa ba.

Idan kuɗin guda ɗaya gare ka, ɗauki dogon na 2010. Idan da saura, ƙara da na 1941, kuma shi za ka fara kalla, domin sai ka ga sandar a hannun uban farko kafin ka gane dalilin da ya sa har yau wasu ba su yafe wa na biyun ba.