Murhun indakshon mai ido biyu: tuwo, masa da kicin marar gas a Bronx

Tun da muka koma sabon gini a Bronx, wani sashe na birnin New York a Amurka, wanda ba a ja masa gas ba ko kaɗan, matan unguwa da 'yan'uwa na gida ke tambayata yadda nake girki. To ga amsar a wuri ɗaya. Abin da nake aiki da shi murhun lantarki ne da ake kira indakshon, ƙarami mai ido biyu, na ɗorawa a kan kanta a jona a soket ɗin bango. Na saye shi a ɗan sama da dala 150. Ginin ya zo da nasa murhun lantarki, irin mai gilashin nan da ke yin ja, amma shi sai ya ɓata lokaci kafin ya ɗau zafi, in kin rage shi kuma ba ya raguwa nan take, miyar kuka ta yi ta kamawa a gindin tukunya. Shi ya sa na nemi wannan, kuma yanzu kusan duk girkin gidana a kansa nake yi.

Indakshon ba ya yin zafi da kansa. A ƙarƙashin gilashin akwai naɗin wayar tagulla da ke haifar da ƙarfin maganaɗisu, wannan ƙarfin ne ke sa gindin tukunyar ya yi zafi. Kin ɗauke tukunya, aiki ya tsaya. Kin danna ragi, tafasa ta kwanta a take, har ya fi gas saurin jin magana. Ruwan shayin asuba kuwa kafin in gama jera kofuna ya tafasa.

Amma fa sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa, kuma a nan ne abin ya taɓa mini zuciya. Tukwanen alminiyam na zubi da na taho da su daga Kano, waɗanda innata ta zaɓa mini da hannunta cikin kayan ɗaki, babu ko ɗaya da murhun ya karɓa. Na ɗora babbar, ya yi ƙara, ya nuna alamar babu tukunya, ya kashe kansa. Ana sayar da wani faifan ƙarfe da ake sawa tsakanin gilashi da tukunya, na gwada shi, ban ba kowa shawarar sayensa ba: yana cinye saurin da aka sayi murhun dominsa, yana kuma sa gilashin zafi har murhun ya riƙa yankewa. Mafita ita ce sababbin tukwane, na baƙin ƙarfe ko na silba mai kaurin gindi. In za ki kanti, ciro ɗan maganaɗisun da ke manne a ƙofar firij ki sa a jaka. Duk tukunyar da ya kama gindinta gam, za ta yi. Wadda ya kama sako-sako, ki bar ta, za ta yi ta tsiwa tana ɗumama ruwa kawai. Ki lissafa kuɗin tukwane cikin kuɗin murhu tun farko, don nawa sun kusa kamo kuɗin murhun kansa.

Mutanen gida na mamaki in na ce akwai ginin da aka ƙi sa wa gas da gangan, alhali mu muna can muna jiran bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya taso daga Ajaokuta ya iso Kaduna da Kano. Nan kuwa rigimar ta ƙin bututu ce. Kamfanin Williams ya daɗe yana neman shimfiɗa wani bututun gas da ake kira NESE, wanda zai taso daga New Jersey, ya bi ƙarƙashin ruwan Raritan Bay na fiye da mil 23, ya ɓullo daura da Rockaway a Queens. Ƙaramar hukumar Franklin da ke New Jersey, inda za a kafa injin tura gas ɗin, ta ce ba ta yarda ba, saboda gidajen mutane da ke kusa da kuma wurin fasa dutse da ke maƙwabtaka da filin. Majalisar birnin New York ma a 2019 ta zartar da ƙudurin neman jiha ta hana lasisi. Hukumar kare muhalli ta jihar ta hana a Mayun 2019, ta sake hanawa a Mayun 2020, bisa dalilin cewa haƙar ƙasan teku za ta tayar da gubar makuri da tagulla da suka daɗe kwance a laka. Kamfanin National Grid, mai raba gas a Brooklyn da Queens da Long Island, ya daina jona wa sababbin masu nema gas a 2019, ya ce sai an amince da bututun. Gidaje da gidajen abinci suka yi cirko-cirko na watanni, har Gwamna Andrew Cuomo ya yi barazanar ƙwace lasisin kamfanin, aka sasanta a Nuwamba kan dala miliyan 36, aka ci gaba da jonawa. Bayan haka, a Disambar 2021, magajin gari Bill de Blasio ya sa hannu a dokar birni mai lamba 154, wadda ta hana gas a yawancin sababbin gine-gine, aka fara da waɗanda ba su kai hawa bakwai ba daga 2024. Masu gini da dama ba su ma jira wa'adi ya cika ba. Ta nan ne rigimar manya ta shigo har kicin ɗina.

Sai tuwo, wanda na san shi kowa ke jira. Talge yana yin kyau ƙwarai, don kina iya saita wutar daidai inda zai riƙa ɓararraka ba tare da ya yi ambaliya ba. Matsalar tana wajen tuƙi. Gilashi santsi gare shi, babu ƙafafun ƙarfe da za su riƙe tukunya, da kin sa muciya da ƙarfi sai tukunyar ta fara yawo, in ta goce daga da'irar kuma murhun ya yi ƙara ya tsaya. Da farko sai da maigida ya riƙa riƙe mini kunnen tukunya. Wata dattijuwa 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa da mu ce ta warware mini. Ta leƙo ta gan ni ina fama, ta ce, "'Yata, sauke ta ƙasa mana. Wa ya ce dole a kan wuta ake tuƙi?" Na ce, "Hajiya, ai zai huce." Ta ce tukunyar baƙin ƙarfe ba ta saurin sakin zafi. Haka kuwa aka yi. Yanzu in na zuba gari sai in sauke tukunyar a kan katako a ƙasa, in dafe ta da tsumma, in tuƙa son raina, sannan in mayar a wuta ƙasa-ƙasa ya sulala. Wannan ya kuma raba ni da fargabar fasa gilashi, don tukunya mai nauyi cike da tuwon mutum shida ba abin bugawa a kan gilashi ba ce. Akwai siririn shimfiɗin roba mai jure zafi da ake ɗorawa a kan idon, yana rage zamewa, yana kuma hana karcewa. Shi kam ya cancanci kuɗinsa.

Wani abin da na lura da shi: naɗin wayar da ke ciki bai kai faɗin da'irar da aka zana a gilashi ba. In tukunya ta yi faɗi, tsakiya ce ke shan zafi, gefe na baya. A ƙanzon shinkafa za ki gane, yana fitowa zobe a tsakiya, gefen fari fat. Tukunya mai kaurin gindi tana rage wannan, amma ba ta kawar da shi.

Masa ta fi ba ni wahala. Tandar ƙasa ba ta aiki, ta alminiyam ma haka. Akwai wani kaskon baƙin ƙarfe mai gurbi bakwai da mutanen Denmak ke soya wainarsu a ciki, shi matan nan da yawa ke amfani da shi, sai dai wasu gindinsu a rarake yake, ba ya taɓa gilashi sosai, murhun ba ya ganinsa. Ki nemi mai shafaffen gindi. Ko da shi, gurbin tsakiya yana riga na gefe soyuwa, sai kin saba da juya na tsakiya da wuri. Masar tana fitowa da kyau, mai ƙwalli a baki, amma don sallah ko suna, inda ake son masa ɗari biyu, wannan murhu ba zai fitar da ke kunya ba. Ƙosai da ɗanwake kuwa ban da abin cewa. Man suya yana tsayawa a zafin da kika sa shi, ƙosai ba ya shan mai, ba ya ƙonewa a waje ciki ɗanye. Abin da babu shi sam shi ne harshen wuta: babu babbaka ƙafar saniya, babu gasa tattasai a kan wuta don ƙamshin hayaƙi. Tattasai ina sa shi a oven, ƙafa kuwa sai dai in saya babbakakkiya a mahauta.

Babban aibin wannan samfuri shi ne ƙarfin wuta. Soket ɗin gida a Amurka volt 120 ne, abin da yawancinsu ke iya bayarwa bai wuce wat 1800 ba, kuma idanun biyu raba wannan suke yi. In miya na tafasa a dama kika ƙara wutar hagu, ta dama sai ta ragu da kanta. Kwalin bai ɓoye wannan ba, amma da ƙananan haruffa aka rubuta. In kuma kika kunna butar lantarki a layi ɗaya da shi, wutar kicin ɗin gaba ɗaya za ta yanke sai kin je akwati kin tayar. Yana da fanka a ciki mai ƙara muddin yana aiki. Yana kuma kashe kansa bayan awa biyu in ba ki saita agogonsa ba, wanda mai dafa ganda ko wake ya kamata ta sani. Maɓallansa na shafawa ne, jiƙaƙƙen yatsa ba ya danna su, ruwa in ya zuba a kansu sai su rikice.

Duk da wannan jerin ƙorafi ba zan koma gas ba, kuma dalilina yarona ne. Yana da asma, kamar yara da yawa a Bronx, inda cutar ta fi yawancin sassan birnin yawa. A tsohon gidanmu kicin ɗin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, da sanyi kuma ba ta buɗuwa. In na kunna ido uku na gas da yamma, yana falo yana aikin makaranta sai in ji tarin nan ya fara, busasshe, mai fito a ƙarshe. Ban ce murhu kaɗai ne ba, tsohon gini ne mai danshi, kusa da babbar hanya. Amma a nan ina girki yana tsaye kusa da ni yana ba ni labari, numfashinsa lafiya. Ƙungiyar kare muhalli ta WE ACT ta gwada abin a wani ginin gwamnati da ke titin Watson a nan Bronx: gidaje 20, aka sauya wa rabi murhun gas da indakshon, aka auna iska, aka samu gurɓatacciyar iskar naitirojin dayoksaid ta ragu da kashi 35 cikin ɗari a gidajen da aka sauya wa. Ga kuma zafi. A watan Yuli kicin mai gas ba ya shiguwa, wannan kuwa tukunya ce kawai ke zafi. Hannun yaro in ya taɓa gefen gilashin ba ya ƙonewa, mayafi ba ya kama wuta, babu tashi cikin dare a shinshina ko an bar gas a buɗe.

Maigida ba ya tare da ni ɗari bisa ɗari. Yakan ce, "Maman yara, lantarkin da kike taƙama da shi ai da gas ake yin sa." Gaskiyarsa ce. Tun da aka rufe tashar nukiliya ta Indian Point a 2021, yawancin wutar birnin daga tashoshin gas take, wasu ƙanana ma a nan Port Morris suke, a kudancin Bronx. Takardar kuɗin wuta kuma ta ƙaru tun da muka dawo nan, babu musu. Abin da nake ce masa shi ne, tashar lantarki ana iya sauya mata makamashi wata rana ba tare da an taɓa kicin ɗin kowa ba, amma bututun kimanin dala biliyan ɗaya in aka binne shi a teku, masu biyan kuɗin gas ne za su yi shekaru suna biyansa, kuma dole a nemi wanda zai ƙona abin da ke cikinsa. Shi ya sa nake ganin kansilolin Franklin da majalisar birninmu sun yi daidai da suka tsaya wa mutanensu. Williams ya farfaɗo da aikin a 2025, kuma a Nuwamban shekarar hukumar muhallin New York ta ba da lasisin da ta hana a baya. Raina bai so ba. Inda nake ganin su masu adawar sun gaza shi ne, sun yi maganar teku da yanayi sosai, ba su zauna da mata irinmu sun ji da me muke girki ba. Wanda zai ce wa iyali su bar gas, ya kamata ya san akwai tukwanen da za su tashi aiki da kuɗin wutar da zai hau, ya kuma tanadi taimako a kai.

Ga mai zama a nan: in gininki na da layin volt 240 kuma mai gida ya yarda, ki tara kuɗi ki sayi cikakken murhun indakshon mai ido huɗu, wannan matsalar raba wuta ba ta shafe shi ba. In haya kike kamar ni, mai ido biyun ya isa iyali matsakaici, muddin kin yarda tuwo da miya za su riƙa jiran juna kaɗan. Ga 'yan'uwa na gida kuwa, wutar Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 240 ce, don haka wanda ake sayarwa can ya fi namu ƙarfi, kuma kada a aiko a ce in sayo daga nan, ba zai yi aiki a soket ɗinku ba. Sai dai yana jan wuta sosai, ƙaramin janareta ko sola ta fitila da fanka ba za su ɗauke shi ba, ga wuta mai hawa da sauka tana lalata kayan cikinsa. In layinku ba ya samun wuta tsayayya, ki riƙe tukunyar gas ɗinki, ki dai riƙa buɗe taga in kina girki.